Haƙorina yana zaizayewa a bakin dasashi kuma ba kogo ba ne: cizo ne sanadi ko buroshi?

Malamin Lissafi ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Shekarata 44, kuma tun tasowata ban taɓa yin ciwon haƙorin da ya kai ni asibiti ba. A hunturun da ya wuce ne na fara jin wani abu: duk lokacin da na kurkure baki da ruwan randa a alwalar asuba, sai wani zugi mai kaifi ya soki haƙorana na sama ta ɓangaren hagu, ya yi daƙiƙa biyu ko uku, sannan ya lafa kamar ba a yi ba. Haka nake ji idan iska mai sanyi ta shiga bakina ina kan babur.

Da na ɗaga leɓe a gaban madubi, sai na ga haƙora biyun da ke bin bayan fiƙa suna da tsagi a daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi. Tsagin bai yi baƙi ba, ba ya wari, yana da santsi da ƙyalli, launinsa ya ɗan ja zuwa rawaya, kuma idan na sa farce sai ya faɗa ciki ya tsaya, kamar saran gatari a gindin itace. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne babban turmin da ke maƙwabtaka da su lafiyarsa ƙalau, na ɓangaren dama kuma ɗan alama kawai suka nuna.

Na je wurare biyu, na dawo da magana biyu. A wuri na farko an ce mini ƙarfin cizo ne yake lanƙwasa haƙorin har wuyansa yake ɓantarewa, an kira abin da suna abfarakshan, aka ce za a ɗan goge saman haƙoran da inji domin a rage musu nauyi, a yi ciko, sannan a yi mini robar da zan riƙa kwana da ita a baki. A wuri na biyu kuwa likitan bai ko tsaya kan maganar cizo ba. Ya ce buroshina ne ya yi ɓarnar, in sauya shi, in dawo bayan wata shida.

Domin a yi mini adalci a amsa, ga halina ba ɓoye-ɓoye. Ina cin goro, saboda haka buroshi mai tauri nake saye, kuma ina dirzawa da ƙarfi, gaba da baya, da hannun dama. Ina yin asuwaki kusan kowace salla. Shekara biyu ke nan ina shan ruwan ɗumi da lemun tsami da sassafe, tun da aka ce mini yana rage tumbi, kuma da na gama sha nake goge baki. Maiɗakina ta sha gaya mini cewa ina tauna haƙora cikin barci har takan ji ƙararsu, musamman a makonnin duba takardun jarrabawa.

Wanne ne gaskiya a cikin maganganun nan biyu? Shin in yarda a goge mini saman haƙora? Idan kuma na bar tsagin ba ciko, haƙorin zai iya karyewa?

Inna Mai Saƙa ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ba likita ba ce, amma abin da ka kwatanta na gan shi a bakina, shi ya sa na ga ya dace in faɗi nawa kafin masana su zo.

Mu a zamaninmu gawayi da gishiri ne man goge bakinmu. A daka gawayi, a zuba ɗan gishiri, a dangwala da yatsa ko da asuwakin darbejiya a dirje haƙora har su yi fari, kuma yarinyar da haƙoranta ba su yi fari ba ana ganin ƙazama ce. Da buroshi da makilin suka shigo ban bar gawayin ba, sai na haɗa su, ina ganin na ƙara tsafta. Ina kuma son kunun tsamiya da zoɓo, kuma lokacin da nake da ƙuruciya ba na raina goruba, sai na kankare ta tas da haƙora. Wajen shekara 50 na wayi gari haƙora shida na sama duk sun yi wannan tsagi, jere reras, dasashin ya ja baya, har ruwan sanyi ya gagare ni.

Likitar da ta duba ni ta tambaye ni ko ina tauna haƙora cikin barci, na ce ban taɓa jin wanda ya faɗa mini haka ba. Ta duba saman haƙoran ta ce ba su nuna alama ba. Ta hana ni gawayi, ta ba ni buroshi mai laushi, ta cike biyun da suka fi zurfi, sauran huɗun ta bar su. Yau shekara tara ke nan, huɗun nan suna nan yadda suke, ba su ƙaru ba. Ciko ɗaya ya faɗi bayan shekara uku aka mayar.

Abin da nake so ka lura da shi, ɗana, shi ne ni ba ni da matsalar cizo ko kaɗan amma na sami tsagin. Saboda haka kada ka yi gaggawar ɗora wa cizo laifi alhali ga buroshi mai tauri, ga lemun tsami kullum safiya. Amma ina roƙon masana su gyara mini idan na kauce.

Likitar Haƙora ta rubuta:

Malam, Allah ya ƙara lafiya. Inna, ba ki kauce ba, Allah ya saka da alheri. Zan yi bayani da ɗan tsawo, domin tambayar ta taɓo wurin da likitocin haƙori su kansu suka daɗe suna jayayya a kai, kuma ba mamaki Malam ya ji magana biyu.

Sai an fara da ginin haƙori kafin a gane dalilin da ya sa wuyansa ne ke cin wuya. Farin ɓawon da ke rufe kan haƙori, wanda muke kira inamel, shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne. A kan tsinin turame kaurinsa yakan kai milimita 2 zuwa 2.5, amma yana sirancewa yayin da yake gangarowa, har ya ƙare kamar bakin wuƙa a wuyan haƙori, wato a bakin dasashi. A ƙarƙashinsa akwai dentin, mai launin rawaya, wanda ma'adininsa kusan kashi 70 ne kawai, saboda haka ya fi saurin ci. Rawayar da Malam ya gani a cikin tsagin dentin ne ya fito fili. Shi dentin cike yake da 'yan mitsi-mitsin bututu masu ruwa a ciki, waɗanda suka miƙa zuwa ɓargon haƙori inda jijiya take. Idan sanyi ko iska suka taɓa bakin bututun, ruwan cikinsu yakan motsa da sauri ya zunguri jijiya, shi ne zugin nan na daƙiƙa biyu. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Martin Brännström, shi ya kafa wannan bayani a shekarun 1960, kuma a kansa ake har yau.

Wannan tsagi ba kogo ba ne. Kogo aikin ƙwayoyin cuta ne da ke cin sukari su fitar da tsami, kuma wurin yakan yi laushi ya ruɓe. Tsagin Malam kuwa mai tauri ne mai santsi. Abubuwa uku ake tuhuma da haddasa shi.

Na farko guga ce, wato abin da ake dirza wa haƙori daga waje. Wannan tsohon sani ne: tun 1907 W. D. Miller ya nuna a gwaji cewa buroshi da garin goge baki masu kaushi suna iya sassaƙa irin wannan tsagi a haƙoran da aka cire. Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne gashin buroshi shi kaɗai da ruwa ba ya cin haƙori sosai. Ɓarnar takan zo ne daga kaushin da ke cikin man goge baki, buroshin kuma shi ke ɗauke da shi yana kai wa da komowa a wuri guda. Gawayin Inna da gishirinta, da toka, da man da ake tallatawa da sunan faranta haƙoran masu shan taba, duk a nan suka faɗo. Buroshi mai tauri kuma yana da nasa laifin na daban, domin yana tura dasashi baya ya tone saiwa, ita kuwa saiwa ba ta da inamel ko kaɗan. An sha lura cewa mai amfani da hannun dama ya fi dirzar ɓangaren hagu, kuma haƙoran da ke kan kwanar muƙamuƙi, wato fiƙa da ƙananan turame biyun da ke bayanta, su suka fi turowa waje, su buroshi ya fi samu. Malam ya duba inda nasa tsagin yake.

Na biyu tsami ne wanda ba na ƙwayoyin cuta ba. A ma'aunin tsami da ake kira pH, inamel yakan fara narkewa idan aka sauko ƙasa da kusan 5.5, dentin kuwa tun daga wajen 6.5. Ruwan lemun tsami yana wajen 2 zuwa 2.5, lemun kwalba irin na kola wajen 2.5, zoɓo da tsamiya su ma suna ƙasa da wannan iyaka nesa ba kusa ba. Abin da Bahaushe ke nufi idan ya ce haƙoransa sun mutu bayan shan tsamiya, shi ne fuskar haƙorin ta yi laushi. Yawu yakan gyara wannan laushi a hankali idan an ba shi lokaci. Amma wanda ya sha lemun tsami ya ɗauki buroshi nan take, kamar wanda ya jiƙa bangon ƙasa ne sannan ya bi shi da tsintsiyar kwakwa. Mai yawan ƙwannafi ko amai shi ma tsamin cikinsa yana yin wannan aiki, sai dai nasa ya fi bayyana ta cikin haƙoran sama, ɓangaren ganɗa.

Na uku shi ne nauyin cizo, wanda aka gaya wa Malam a wuri na farko. A 1984 wasu likitoci biyu a Amurka, Lee da Eakle, suka kawo ra'ayin cewa idan nauyi ya faɗa wa haƙori a karkace, haƙorin yakan ɗan lanƙwasa, gefe ɗaya ya matse, ɗaya gefen ya miƙe, kuma a wuyansa ne wannan miƙewa take taruwa har ta tsattsaga siririn inamel ɗin wurin. A 1991 John Grippo ya raɗa wa abin suna abfarakshan, daga kalmomin Latin biyu masu ma'anar ɓallewa daga jiki. Ra'ayin ya yi farin jini ƙwarai, ya shiga littattafan koyarwa, kuma da yawanmu a haka aka karantar da mu. Sai dai har yau ba a tabbatar a bakin mutane cewa cizo shi kaɗai yana haifar da tsagin ba.

Saboda haka amsata ga tambaya ta biyu ita ce a'a, kada Malam ya yarda a goge saman haƙoransa saboda wannan tsagi. Inamel ɗin da aka goge ba ya tsirowa, kuma gwajin da aka yi a kan marasa lafiya bai nuna cewa rage tsinin haƙori yana hana tsagin ƙaruwa ba. Ban ce abokin aikina na farko ya yi nufin cuta ba, abin da aka koya masa ya faɗa. Amma ba a yanke abin da ba ya dawowa a kan dalilin da bai tabbata ba.

Maganar karyewa kuma, tana iya faruwa idan tsagin ya yi zurfi ƙwarai har ya kusa ɓargo, amma irin wannan zaizaya tafiyar hawainiya take yi, shekaru take ɗauka, ba makonni ba. Akwai lokacin gyara ɗabi'a a sa ido.

Injiniyan Gini ya rubuta:

Ranki ya daɗe, Likita, na karanta bayaninki sau biyu kuma na ƙaru, amma ina da ja a kan yadda kika sassauta wa cizo. Ni aikina siminti da rodi ne, kuma abin da Lee da Eakle suka faɗa, a wurinmu ba ra'ayi ba ne, karatun aji ɗaya ne. Duk ginshiƙin da aka kafe gindinsa a ƙasa aka tura kansa ta gefe, ba a kansa yake tsagewa ba, a gindi yake tsagewa, daidai inda ya fito daga abin da ya riƙe shi. Falwayar wutar lantarki ta siminti idan iska ta kayar da ita, a nan take karyewa. Kuma siminti yana jure danniya amma ba ya jure ja, shi ya sa muke sa masa rodi. Yadda kika kwatanta inamel, mai tauri amma marar danƙo, ɗan'uwan siminti ne sak, ga shi kuma ba shi da rodi. Haƙori kafe yake a ƙashi, ana tura kansa ta gefe dubban lokuta a rana, musamman ga mai tauna haƙora cikin barci. Ina dalilin da zai sa dokar da ta hau falwaya ta ƙi hawa haƙori?

Sannan akwai abubuwa biyu a labarin Malam da na wasu da buroshi ba ya iya warware mini su. Kan buroshi yana rufe haƙora biyu ko uku a lokaci guda, to ta yaya zai sassaƙa haƙori ɗaya ya tsallake maƙwabcinsa? Na biyu, ni kaina ina da irin wannan tsagi a haƙori guda na ƙasa, kuma likitan da ya duba ni ya ce rabinsa yana ƙarƙashin dasashi ne, inda gashin buroshi ba ya kaiwa. Wannan haƙori shi ne wanda ya ɗan karkace, shi ne kuma yake fara haɗuwa da na sama idan na motsa muƙamuƙi gefe. Ba na shan lemun tsami, ba na amfani da gawayi. Tsagin Inna na yarda na guga ne, tun da jere suke kamar an ja layi. Nawa kuwa ban ga abin da zan ɗora wa ba sai nauyi.

Ba gardama nake nema ba. Tsorona shi ne kada Malam ya sauya buroshi ya bar lemun tsami, ya ɗauka ya gama, alhali da dare yana niƙa haƙoransa kamar injin markaɗe.

Likitar Haƙora ta rubuta:

Injiniya, tambayarka tana kan hanya, kuma hujjojin nan biyu da ka kawo su ne ainihin waɗanda masu goyon bayan abfarakshan suke dogara da su. Ban musa cewa haƙori yana lanƙwasa ba. Lissafin kwamfuta irin wanda kuke yi wa gadoji an yi wa haƙori shi sau da yawa, kuma yana nuna ƙarfin yana taruwa a wuya, kamar yadda ka ce. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin taruwar ƙarfi da ɓacewar nama. Falwayarka a ƙasa mai tauri aka kafe ta, shi kuwa haƙori ba a kafe yake a ƙashi kai tsaye ba. Yana rataye ne da wasu siraran zaruruwa masu ɗan danƙo da ke tsakanin saiwa da ƙashi, waɗanda ke shanye wani kaso na nauyin, kuma dentin ɗin da ke ƙarƙashin inamel yana da sassauci, yana tare tsaga kada ta zarce. Za ka iya cewa shi ne rodin. Ƙari a kan haka, mafi yawan ramin da ake gani a cikin dentin yake, ba a inamel ba, kuma bayanin tsattsagewar inamel bai faɗi abin da ya kwashe dentin ɗin ba.

Shaidar da ke hannu ta rabu biyu, kuma ya kamata in kawo duka. A ɓangarenka akwai binciken da aka yi a Senegal aka wallafa a 2006, a kan masu cutar kuturta waɗanda lalurar hannu ta hana su riƙe buroshi, aka kuma sami tsagin a bakin da yawa daga cikinsu. Wannan ya nuna buroshi ba sharaɗi ba ne, ko da yake mutanen suna shan abubuwa masu tsami, saboda haka bai wanke tsami ba. A nan gida ma, likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife sun wallafa bincike a 2003 da ya yi wannan tambaya ta guga ce ko cizo, suka ga mafi yawan tsagin yana tafiya da yadda ake goge baki, amma wani kaso yana tafiya da alamun cinyewar saman haƙora.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai abin da ya fi ba ni mamaki. A 2003 masu bincike a kudancin Faransa sun duba haƙoran ƙwarangwal na mutanen da suka rayu ɗaruruwa da dubban shekaru da suka wuce. Saman haƙoran nan ya cinye ƙwarai saboda tauna abinci mai tauri da tsakuwa, wato nauyin da suka ɗauka ya fi namu, amma ba a sami tsagin wuya a cikinsu ba, alhali an same shi a mutanen wannan zamani na yanki guda. Da nauyi kaɗai ke yin sa, da su ya kamata su fi kowa. Sannan a 2008 an maimaita gwajin Miller da inji da man goge baki na zamani, aka sami tsagi mai kaifin baki irin na saran gatari ba tare da an ɗora wa haƙoran wani nauyin cizo ba, wanda ke nuna siffar tsagi ba ta isa ta faɗi sanadinsa ba. Shi ya sa babban taron masana dasashi na Amurka da Turai da aka yi a Shikago a 2017 ya ce babu shaidar cewa nauyin cizo yana haifar da wannan tsagi, kuma a 2020 wani kwamitin masana zaizayar haƙori ya ba da shawarar a daina ɗaukar abfarakshan a matsayin cuta mai zaman kanta.

Tsallaken haƙori da ka ambata yana da wani bayanin: haƙorin da ya karkace ko ya turo waje shi buroshi ke fara samu, ƙashin da ke rufe saiwarsa ta waje yakan zama siriri, dasashinsa ya fi saurin ja baya. Abin da ya sa yake cin karo da na sama, shi ne kuma ya sa yake cin karo da buroshi. Tsagin ƙarƙashin dasashi kuwa, wani lokaci dasashin ne ya kumbura ya rufe shi daga baya. Ban ce haka naka yake ba, tun da ban gan shi ba. Ra'ayina shi ne nauyi yana iya zama mai taimakawa: tsami ya tausasa, nauyi ya raunana, guga ta kwashe. A bakin wani ɗaya ya fi rinjaye, a bakin wani ɗayan.

Game da tsoronka, ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Taunar haƙora cikin barci matsala ce ko da babu tsagi, domin tana cinye saman haƙora, tana fasa ciko, tana sa ciwon muƙamuƙi da ciwon kai da safe. Ga wanda ba ya niƙa haƙoransa, haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa fiye da kusan minti 20 a rana gaba ɗaya, a tauna da haɗiya, sauran lokacin akwai 'yar tazara tsakaninsu. Idan an duba Malam an ga saman fiƙoƙinsa ya baje, ko gefen harshensa da cikin kumatunsa suna da sawun haƙora, robar dare tana da amfani, kuma ba ta cire komai daga haƙori, ranar da ba a so sai a ajiye ta. A yi ta da awon bakinsa, ba ta kanti ba. Abin da ba zan yi masa alkawari ba shi ne ita ce za ta tsayar da tsagin.

Malam, ga abin da zan yi da kai ne a kujerata. Zan ɗauki hoton haƙoran da awon zurfin tsagin yau, domin bayan wata shida ko shekara a kwatanta da hujja, ba da tunani ba. Ka koma buroshi mai laushi, ka riƙe shi da 'yan yatsu kamar alƙalami, ka daina kai wa da komowa, ka riƙa ɗan juya shi a bakin dasashi kana sharowa zuwa kan haƙori. Ka nemi man goge baki mai fuloraid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori) 1,350 zuwa 1,500 a ma'aunin da ake rubutawa a jikin kwali, wanda aka yi domin haƙora masu jin sanyi, irin mai sinadarin fotasiyam naitiret, kuma idan ka goge ka tofar kawai, kada ka kurkure. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ji sauƙi. Dattin goro kuwa wankin haƙori a asibiti ke fitar da shi, ba ƙarfin dantse ba. Lemun tsamin safe ba ya narkar da tumbi, amma idan ba za ka iya barinsa ba, ka goge baki kafin ka sha, ka kurkure da ruwa bayan ka sha. Idan zugin bai lafa ba, akwai maganin fuloraid mai ƙarfi da muke shafawa a wurin.

Ciko sai idan zugin ya ƙi jin duk wannan, ko tsagin ya yi zurfi, ko abinci na taruwa a ciki, ko muninsa ya dame ka. Kuma ka san cewa cikon wuyan haƙori yana cikin waɗanda suka fi faɗuwa, kamar yadda ya faru da Inna, saboda dentin ɗin wurin ya yi santsi kamar gilashi, gam ba ya kama shi sosai, ga kuma danshin dasashi a kusa.

Malamin Lissafi ya rubuta:

Inna, Injiniya, Likita, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi. Na yi jinkirin dawowa ne domin in zo da labari. Na koma wurin likita na biyu da tambayoyin da na tsinta a nan. Ya auna tsagin, ya ce mafi zurfinsu bai kai milimita 1 da rabi ba, ya ɗauki hoto, ya shafa mini maganin fuloraid. Da na matsa masa a kan maganar barci, ya duba ya ga tsinin fiƙoƙina na sama ya baje, saboda haka Injiniya ma bai faɗi ƙasa ba, an ɗauki awon bakina domin robar dare. Saman haƙora dai ba wanda ya taɓa shi, ciko kuma mun ɗage shi sai an sake awo bayan wata shida.

Yau kwana 19 da na bar lemun tsami na koma buroshi mai laushi. Zugin bai tafi gaba ɗaya ba, amma ina iya kurkure baki da asuba ba tare da na runtse ido ba. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne hannuna, wanda ya saba dirza, sai na tsinci kaina na koma gaba da baya ban sani ba.

Saura tambaya ɗaya, Likita, wadda ban ga an taɓo ta sosai ba. Asuwaki ba abin da zan bari ba ne, kuma azumi na ƙaratowa, lokacin da nakan yawaita shi da rana baki a bushe. Yanzu ina jiƙa kansa, ina tauna shi har ya yi laushi, ina yanke tsohon kan kowace rana, ina kuma sharowa daga dasashi zuwa ƙasa maimakon a kwance. Shin in riƙa tsallake haƙoran nan biyu gaba ɗaya har a sake awo, ko in bi ta kansu a hankali kamar sauran?